Lallen Ƙafar Jemimah

Abin ya fara ne a daminar da Jemimah Abarshi ta cika shekara goma sha huɗu, lokacin da aka kai ta hutu wurin kakarta a wani ƙauye da ke bayan Shika. Tsohuwar ce ta fara lura cewa faratan ƙafar yarinyar sun yi duhu, kawunan yatsun kuma sun dunƙule kamar gujiya. Ta ce zafi ne ya sauko ƙafa, maganinsa kuwa lalle. Ta daka ganye, ta kwaɓa da ruwan lemun tsami, ta yi mata ƙunshi har idon sawu. Da Jemimah ta koma gidansu a Hayin Dogo cikin Samaru, mahaifiyarta Elizabet ta ɗora daga inda tsohuwar ta tsaya. Duk sanda lallen ya soma koɗewa, sai a sake shi ranar Asabar. Kaka ta rasu, amma ƙunshin bai tsaya ba.

Ciwon zuciyar kuwa ba ɓoyayye ba ne a gidan. Tun tana ƙarama likitoci suka gaya wa iyayenta cewa akwai wata 'yar jijiya kusa da zuciya wadda kowane jariri yake da ita a cikin ciki, ta rufe da kanta bayan haihuwa, amma ta Jemimah ba ta rufe ba. Suka ce ya kamata a toshe ta. A lokacin babu inda ake yin aikin nan kusa, yarinyar kuma tana ci tana wasa, sai maganar ta kwanta.

Yanzu shekarunta ashirin da huɗu, tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Samaru, tana kuma cikin mawaƙan majami'arsu. A 'yan shekarun nan numfashi ya fara gaza mata. Idan za ta makaranta sai ta tsaya a hanya, ta yi kamar tana gyara mayafi. Yayanta Gabriel, mai sayar da injin ban-ruwa da kayan gyaransa a kasuwar Sabon Gari, shi ya samo labarin cewa bayan Ista wasu likitocin zuciya za su zo wani asibiti a Kano daga ƙasar waje, suna toshe irin wannan jijiya ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ya bi maganar da ƙafarsa har aka karɓi ƙanwarsa. Masu tantancewa sun duba tsohon hoton zuciyarta, sun maƙala mata na'urar auna iska a yatsan hannu, sun ce ta dace. Sharaɗi ɗaya ya rage: ta kawo sabon hoton zuciya daga wurin ƙwararre.

Saboda haka ranar wata Alhamis da la'asar su uku suka je wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, inda Likita Scholastica Elias take ganin marasa lafiya idan ta taso daga asibitin koyarwa na Shika. Mace ce gajeriya mai furfura a goshi, ba ta gaggawar magana. Ta bar Elizabet da Gabriel a kan benci, ta shiga da Jemimah ita kaɗai.

"An ce malama ce ke?"

"E, Likita. Aji uku nake koyarwa."

"To, yau ke za ki yi shiru a yi miki tambaya. Kwanta ta ɓangaren hagu."

Jemimah ta ajiye takalmanta a gindin gado, ta kwanta da safarta. Likitar ta shafa mata wani mai mai sanyi a ƙirji, ta ɗora kan na'urar, ta juyo da allon yadda ita ma za ta gani. Jemimah ba ta ga komai ba sai wani abu mai toka-toka yana buɗewa yana rufewa kamar bakin kifi.

"Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa," in ji likitar. "Kowa ya zo nan ɗakin hagu yake tambaya, don shi ke tura jini ga jiki duka. Ni a wurinki na dama nake nema. Aikinsa tura jini zuwa huhu, tafiya ce gajeriya, shi ya sa bangonsa siriri ne a jikin yawancin mutane. Dubi naki." Ta nuna da yatsa. "Kaurinsa ya kamo na hagu. Wannan ai ɗan dako ne na kasuwar Sabon Gari."

"Alheri ne, Likita, ko akasinsa?"

"Duka biyun. Bari in gama."

Ta daɗe a kan ɗakin nan. Ta ja wani layi a kan allon, ta tsayar da shi a gindin ɗakin, tana kallon yadda gindin ke matsawa ya dawo da kowane bugu. Ta ce zuciyar da ta gaji da ƙyar take motsa shi, ta Jemimah kuwa tsalle take yi. Ta duba ko ruwa ya taru a kewayen zuciyar, ba ta ga ko ɗigo ba. Sai ta sauko da na'urar ƙarƙashin haƙarƙari.

"Shaƙi iska da sauri, kamar kin ji ƙamshin miyar maƙwabta."

Jemimah ta yi dariya, sannan ta shaƙa. Wata babbar jijiya a kan allon ta tsuke ta sake buɗewa.

"Madalla. Jini ba ya yin layi a ƙofa. Ɗan dakonki yana kwashe kayansa."

Daga nan ta hau da na'urar can sama kusa da wuya, ta kunna launuka, ja da shuɗi suka bayyana. Ta sauya wuri, ta sake dubawa. Ta ɗauko 'yar na'urar auna iska ta maƙala wa Jemimah a yatsan hannu. Ta nuna casa'in da shida, wanda ba shi da laifi. Likitar ta dubi lambar, ta dubi allon, kamar mai sauraron shaidu biyu da bakinsu bai zo ɗaya ba.

"Cire safarki," ta ce.

Jemimah ta dubi safarta. Tun da take zuwa asibiti ba wanda ya taɓa neman ganin ƙafarta, ciwon ai a ƙirji yake. Ta tashi zaune ta cire. Ƙafafun sun sha lalle, ja ya nuna har ya koma baƙi a kan farata.

"Ashe amarya ce aka kawo mini ba a faɗa ba."

"A'a, Likita. Magani ne. Kakata ce ta fara yi mini."

"Maganin me?"

"Zafin ƙafa. Faratan ne suka yi duhu."

Likitar ta riƙe babban yatsan, ta juya shi a hankali, ta shafa kansa da ya dunƙule. "Kafin a sa lallen suka yi duhu?"

"Kafin a sa. Ina shekara goma sha huɗu."

Likitar ta cire na'urar daga hannu ta maƙala a yatsan ƙafa. Lalle yana rufe wa ido launi, amma bai hana na'urar aikinta ba. Ta nuna tamanin da huɗu. Likitar ta sa Jemimah ta yi ta kai-da-kawo a baranda ba takalmi, Elizabet da Gabriel suna kallonta daga benci, har numfashinta ya fara sama-sama. Da aka sake aunawa, hannu yana nan kusa da inda yake, ƙafa kuwa ta ƙara faɗuwa ƙwarai.

Sai ta kira su duka ciki. Ta fara da Gabriel.

"Me kake sayarwa a kasuwa?"

"Injin ban-ruwa, Likita. Idan kina da lambu, ki zo a yi miki mutunci."

"Ba ni da lambu, amma za ka taimake ni. Idan tiyo ya tsuke daga gaba, inji kuma yana ta turawa, me zai faru?"

"Ya ɗauki zafi ya ƙone."

"Idan akwai wata 'yar ɓula a gefe da ruwan yake samun mafita fa?"

"Zai ɗan sarara. Amma ɓarnar ruwa ce, liƙewa ake yi."

"Liƙewa ake yi idan gaban a buɗe yake. Idan gaban ya riga ya tsuke, ka liƙe ɓular, me ka yi wa injin?"

Gabriel ya juya ya dubi ƙanwarsa.

Likitar ta yi musu bayani dalla-dalla. Shekara da shekaru jini mai yawa yana bi ta jijiyar nan da ba ta rufe ba yana kwarara cikin huhu, har hanyoyin jinin huhun suka yi kauri suka tsuke don kare kansu. Shi ake kira hawan jini na huhu. Yanzu matsin ya kai inda wani ɓangare na jinin yake juyowa ta cikin jijiyar tun bai ɗauki iska ba. Inda yake faɗawa kuwa ƙasa ne da mararrabar da ke kai jini kai da hannu, saboda haka ƙafa yake nufa. Dalilin ke nan da hannun Jemimah yake ba da shaida mai kyau, ƙafarta take faɗin gaskiya. Jijiyar da aka so toshewa ita ce yanzu mafitar ɗakin dama. Idan aka toshe ta, duk nauyin zai koma kansa, yana iya durƙushewa a kan gadon aikin, ko bayan 'yan watanni.

"Amma waɗanda suka tantance ta sun ce ta dace," in ji Gabriel.

"Sun duba abin da aka nuna musu, tsohon hoto da yatsan hannu. Ni ma da na tsaya a nan, da na ce ta dace."

"Su waɗanda za su zo ai manya ne. Za su gane da kansu."

"Mai yiwuwa su gane idan sun shiga. Mutane da yawa za su gani cikin kwanaki kaɗan. Ni ba zan tura ta a kan mai yiwuwa ba."

Elizabet, wadda tun da aka shigo idonta yake kan ƙafar 'yarta, ta ce a hankali, "Likita, lallen ne ya jawo?"

"A'a, Mama. Ranar da faratan nan suka yi duhu, lokacin toshewa ya riga ya wuce. Da an yi tana goye, da an gama. Lallen bai cuce ta ba, ya dai rufe mana ido." Ta juya ga Jemimah. "Yanzu ki saurari ɗaya rabin, don shi mutane suke mantawa da zarar sun fita ƙofar nan. Ɗakin damanki tun kina ciki yake ɗaukar wannan kaya, bai taɓa ajiyewa ba balle ya manta yadda ake ɗauka. Na auna shi ta kowace fuska, ƙarfinsa yana nan. Irinsa yana daɗewa idan ba a tsokane shi ba. Akwai magunguna masu sassauta hanyoyin huhu. Zan so ki zo Shika a zura siririn bututu ta cinya a auna matsin daga ciki, don mu san wanda za mu ba ki, ko da yake ba na zaton zai sauya maganata. Bayan haka sau biyu a shekara ki kawo mini ɗan dakon nan in duba shi. Ƙafar kuma ina son in riƙa ganinta yadda Allah ya yi ta. Akwai sauran magana, ta aure da haihuwa, wannan mu biyu za mu yi ta."

A cikin keke mai ƙafa uku suka kamo hanyar gida daga Sabon Gari, suka wuce Kwangila. Sai da suka doshi Samaru Gabriel ya yi gyaran murya.

"Bakin likita ɗaya ba ya yanke hukunci. Na san wani wuri da ake ɗaukar hoton zuciya, kafin ki gama zama sun gama. Mu karɓa mu tafi Kano, waɗanda suka ƙetaro teku su gani da idonsu."

"Da safa, Yaya, ko babu?"

"Ban ce ki yi wa kowa ƙarya ba. Abin da ba a tambaye ki ba, ba dole ne ki buɗe shi ba."

"Kai dai Mai Inji," in ji Elizabet, wadda ba ta kiran sunansa saboda shi ne ɗanta na fari, "ka bari mu isa gida tukuna."

"Mama, ni nake ganinta tana tsayawa a bakin titi tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Ta ɗauka ban sani ba."

Jemimah ta dubi waje. Ba ta ji haushinsa ba, domin abin da yake so ita ma shi take so. Tun ranar da aka ce ta dace take lissafa abubuwan da za ta yi bayan Ista: ta taka daga gida har makaranta ba tsayawa, ta bi 'yan ajinta da gudu a filin wasa ko sau ɗaya, ta ja baitin waƙa har ƙarshensa da numfashi guda. Ba ta gaya wa kowa ba, amma har ta sayi atamfar da za ta sa ranar godiya a majami'a.

Washegari Juma'a, lokacin tara, da yara suka watse waje, ta rufe ƙofar aji ta zauna a kan kujerarta. Ta cire takalmi da safa, ta ɗora tafin hannunta kusa da ƙafarta. A gindin kowane farce akwai ɗan siririn wuri da ya tofo bayan ƙunshin ƙarshe, lalle bai taɓa shi ba. Na hannu fari ne mai ɗan ja. Na ƙafa launin toka ne mai shuɗi-shuɗi. Shekara goma tana wanke ƙafar nan kullum, ba ta taɓa haɗa su biyu ta kalla ba. Ba ta buƙatar na'ura ta karanta mata wannan.

Da yamma ta je koyon waƙoƙin Ista. A dogon baitin nan da ya saba kayar da ita, numfashinta ya yanke a inda ya saba yankewa. Lovelyn, wadda take tsayawa kusa da ita, ta ɗaga murya kaɗan ta cike gurbin kamar yadda take yi kullum ba tare da ta waiwayo ba, Jemimah kuma ta shaƙi iska ta sake shiga. Da aka sunkuyar da kai don addu'ar rufewa, ta ɗora hannu a ƙirjinta, ta ji bugun yana dukan tafinta da ƙarfi. A da idan ta ji shi tsoro take ji, tana ɗaukarsa alamar abin da ya lalace. Yau ta saurare shi kamar yadda ake sauraron sakwara ana daka ta a gidan maƙwabta, aiki ne ake yi. Ta yi niyyar roƙon Ubangiji ya nuna mata hanya, sai ta ga ai an riga an nuna mata, a kan allo da kuma a kan yatsunta. Ta yi godiya kawai, ta tashi.

Ranar Asabar da hantsi Elizabet ta shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaron tsakar gida. Ta kwaɓa lalle a 'yar tasar da ta gada daga Kaka, ta matse lemun tsami, ta yayyanka leda da tsumma. Ba ta kira Jemimah ba, ba ta kuma mayar da tasar ɗaki ba. Tana cikin juyawa sai ga ƙarar babur, Gabriel ya shigo da hular kwano a hannu.

"Mama, barka da hantsi. Ina Malamar?"

"Ga ni, Yaya. Wa ka bar wa shago?"

"Shago ba ya gudu. Na yi magana da masu ɗaukar hoton nan, sun ce mu zo jibi da safe." Ya dubi tasar, ya yi murmushi. "Kin ga Mama ta fi ni shiri. A yi mai kyau, Mama, ya kama sosai."

"Ni ban shirya komai ba," in ji Elizabet. "Asabar ce, na kwaɓa. Hannuna ne ya saba."

Jemimah ta zo ta zauna a kan tabarmar. Ta naɗe ƙafafunta a ƙarƙashin zane, ta miƙa wa mahaifiyarta hannuwanta biyu.

"Kada ya lalace a banza, Mama. Sa mini a tafin hannu, ki bar faratan."

Elizabet ta dube ta, sannan ta ɗebo lallen ta fara shafawa a tsakiyar tafin. Gabriel ya ajiye hular a kan turmi, ya tsuguna.

"Jemimah, likitocin nan ba kowace shekara suke zuwa ba. Idan suka tafi, shi ke nan."

"Na sani, Yaya. Na kuma san irin zirga-zirgar da ka yi. Amma kai ka faɗa da bakinka a gaban Likita, ya ɗauki zafi ya ƙone."

"Inji na ce. Ke ba inji ba ce."

"Shi ya sa. Ni ba a samun kayan gyarana a shagonka."

Elizabet ta yi 'yar dariya ba ta ɗago ba. Gabriel ya so ya yi fushi, abin bai yiwu ba, ya share fuska da tafin hannu.

"To, me za mu ce wa mutanen Kano?"

"A ce musu su ba wani yaro gurbina, wanda lokacinsa bai wuce ba. Kai kuma ka shirya babur ɗinka, don kai za ka riƙa kai ni Shika." Ta miƙa ɗaya hannun. "Ba za a toshe jijiyar ba. Ƙafata kuma daga yau ba za a sake sa mata lalle ba."